Nijar na da yuraniyom da man fetur da zinariya: me ya hana wannan arziki isa ga talaka?

Ɗan Jibiya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni mutumin Jibiya ne a jihar Katsina, sana'ata fataucin hatsi da wake, kuma na haura shekara goma sha biyar ina kai da komo tsakanin kasuwarmu da Maraɗi ta Magama da Ɗan Isa. Kakata ta wajen uwa 'yar Madarumfa ce, saboda haka duk abin da ya taɓa Nijar ya taɓa gidanmu, kuma ba da niyyar raini ko gori nake yin wannan tambaya ba, domin mu ma a nan namu kukan ya ishe mu.

A watan Agustan 2023, bayan ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi saboda juyin mulkin sojoji aka rufe iyaka, na ga abin da ba zan manta da shi ba. Manyan motoci sun yi jerin gwano a bakin iyaka kwana da kwanaki, albasar da ke cikin wasu ta ruɓe har ruwanta yana ɗiga daga gindin mota, direbobi suna kwana a ƙarƙashin motocinsu a kan kwali. A ɗaya ɓangaren kuma 'yan'uwanmu suna kiran waya suna cewa an ɗauke wuta, kuma maganin da kawuna yake sha na hawan jini ya yi wuyar samu. A lokacin ne na fara tambayar kaina yadda aka yi ƙasar da muke ji tun muna yara cewa yuraniyom ɗinta ne ke haskaka biranen Faransa ta zama ita kanta sai an ba ta wuta daga Najeriya.

Yanzu sojojin Faransa sun tafi, ana fitar da ɗanyen mai daga Agadem, ana haƙar zinariya a arewa da yamma, amma duk lokacin da na shiga ƙauyukan da nake sayen wake, rayuwar da na sani tun farko ita nake tararwa: rumbu yana ƙarewa kafin damina ta kankama, samari sun tafi cirani, mata suna tafiyar nesa neman ruwa. Ina roƙon waɗanda suka san ƙasar daga ciki su yi mini bayani. Faransa ce ta kwashe arzikin, ko shugabanni ne suka yi sakaci da shi, ko kuwa tun asali arzikin bai kai yadda muke zato ba?

Tsohon Arlit ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi aiki a ma'adinan arewa shekaru masu yawa kafin in yi ritaya in dawo Tawa, saboda haka zan amsa ɓangaren yuraniyom kawai, wanda shi ne na sani.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne cewa yuraniyom ɗin Nijar babba ne a idon Faransa, amma ƙarami ne idan aka raba shi da yawan 'yan Nijar. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da shi a Arlit a 1971, COMINAK ya biyo baya a Akuta a 1978, aka kuma rufe COMINAK a ƙarshen Maris na 2021 saboda ma'adinin da ake iya cin riba da shi ya ƙare. A 2022 abin da ƙasar ta fitar duka bai wuce tan dubu biyu da 'yan kai ba, wato kusan kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ta haƙa, alhali Kazakistan ita kaɗai tana fitar da sama da kashi 40. To, ka yi lissafi irin naku na 'yan kasuwa. Tan dubu biyu kilo miliyan biyu ke nan, mutanen ƙasar kuwa sun haura miliyan 25, ke nan kilo ɗaya ne ga mutum goma sha biyu a shekara. Ko da mun ƙaddara an sayar da kilo jika ɗari, wato saifa dubu ɗari, kuma ba a cire kuɗin haƙa da albashin ma'aikata da sufuri ba, abin da zai faɗo wa kowane mutum bai wuce jika takwas da ɗoriya ba a shekara guda. Wannan kuɗi ba ya fitar da kowa daga talauci.

Amma kada ka fahimce ni cewa ina wanke Faransa. Cinikin bai kasance na adalci ba. Shekaru da dama mai saye shi ne mai haƙa, shi ne kuma yake da babban baki wajen yanke farashi. A SOMAIR kamfanin Faransa, wanda aka sani da Areva kafin ya koma Orano a 2018, ya kasance yana riƙe da sama da kashi 63 cikin 100 na hannun jari kafin 2025, Nijar tana da abin da ya rage. Sai a 2014, bayan doguwar taƙaddama, kamfanin ya yarda a yi masa aiki da dokar ma'adinai ta 2006 wadda ta ƙara haraji. Kuma akwai bashin da babu wanda ya rubuta shi a takarda: tudun dusar ma'adini mai guba da aka bari a gefen Akuta, miliyoyin tan, iska tana kaɗa ƙurarsa zuwa cikin gari, da ruwan ƙarƙashin ƙasa da aka zuƙe shekara hamsin a wurin da ruwan sama ba ya mayar da shi. Na san abokan aiki da suka rasu da ciwon ƙirji, iyalansu har yau suna tambayar ko aikin ne ya jawo.

Abin da ya fi yi mini ciwo kuwa shi ne hanya. Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, wadda ake kira hanyar yuraniyom, ya san cewa akwai wuraren da kwaltar ta ɓace gaba ɗaya, direba yana sauka cikin rairayi domin ya fi masa sauƙi. A kan wannan hanya aka fitar da dukiyar shekara da shekaru. Haka kuma kwal ɗin kamfanin SONICHAR da ke kusa da Cirozerin an haƙa shi ne da farko domin ba ma'adinai wuta, ba domin ƙauyukan Abzin ba.

An taɓa samun lokaci guda da kuɗin ya yi yawa, wato ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, lokacin da farashi ya tashi a kasuwar duniya. A lokacin aka yi manyan gine-ginen Yamai irin su otal ɗin Gaweye da zauren taro na Palais des Congrès, aka ɗauki ma'aikata, aka kuma ci bashi bisa zaton cewa farashin zai dawwama. Da aka shiga shekarun 1980 farashi ya faɗi, bashi ya rage a wuyanmu, masu ba da lamuni suka zo da sharuɗɗansu na tsuke bakin aljihu. Wannan darasi ne da nake fatan masu riƙe da kuɗin man fetur yanzu suna tunawa da shi.

Malamin Gona na Tasawa ya amsa:

Baba, Allah ya saka muku da alheri, lissafin da kuka yi shi ne ginshiƙin maganar. Ni zan ɗora daga inda kuka tsaya, domin a ganina kuskuren da aka daɗe ana yi, tun daga masu mulki har mu talakawa, shi ne neman arzikin Nijar a ƙarƙashin ƙasa, alhali yana samanta.

Malam Ɗan Jibiya, kai shaida ne a kan haka ko da ba ka lura ba. Me kake zuwa saye a wurinmu? Wake ne, da aya, da riɗi. Wasu suna zuwa sayen albasar Galmi, wadda ake kai wa har Akara da Abijan, wasu tattasan Difa, wasu kuma shanu da raguna da jar akuyar Maraɗi da ake kora wa zuwa kasuwannin Illela da Maigatari. Kusan mutum takwas cikin goma a ƙasar nan da noma da kiwo suke rayuwa. Kafin yuraniyom ma, a shekarun 1960, gyaɗa ce take riƙe da baitulmalin gwamnati. Amma ƙasar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu 267, kusan kashi biyu cikin uku nata hamada ne, noman damina ya taƙaita ne a wani siririn yanki na kudu, kuma ruwan saman wata uku ne zuwa huɗu. Idan ya yi tsalle na kwana ashirin a lokacin da gero yake ciki, shekarar ta lalace. Haka aka yi a 1973, haka aka yi a 1984, haka kuma aka yi kafin yunwar 2005.

A kan wannan siririn yanki jama'a take ƙaruwa. Lokacin samun 'yancin kai a 1960 mutanen ƙasar ba su kai miliyan huɗu ba, ƙidayar 2012 ta sami sama da miliyan 17, yau kuma an haura 25. Ba ina cewa haihuwa laifi ba ce, yara rahama ne, amma gona ba ta haihuwa. Zan ba ka misali daga gidanmu. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yana barin wani ɓangare ya huta shekara uku ko huɗu, yau mu goma sha ɗaya ne muke da gado a cikinta, kuma babu taku guda da ake bari ya huta. Ƙasa ta gaji, takin zamani ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Da kaka manomi yana sayar da amfaninsa da arha domin biyan bashi da hidimar aure da suna, 'yan kasuwa su ɓoye, sannan da bazara ya dawo ya sayi tiyar geron nan da ya sayar a kan kuɗi mai yawa. Daga nan sai cirani. A ƙauyukan da nake zagayawa, daga watan Disamba zuwa Mayu, idan ka kira taro, tsofaffi da mata ne za ka samu, samarin suna Kano ko Legas ko Libiya ko Aljeriya, wasu kuma suna ramukan zinariya. Kai ma ka ji labarin ramin da ya rufta a yankin Ɗan Isa a watan Nuwamban 2021, ya kashe aƙalla mutum 18. Waɗannan 'ya'yan manoma ne da gona ta kasa riƙe su.

Duk da haka ina so in faɗi wani abu da ya sa ban yanke ƙauna ba, kuma shi ne hujjata mafi ƙarfi. Babban aikin ci gaba da aka taɓa yi a ƙasar nan ba gwamnati ta yi shi ba, ba kuma kamfani ba. Manoman Maraɗi da Damagaram ne suka yi shi da wuƙa da gatari, shi ne abin da muke kira sassaben zamani. A da, idan manomi zai share gona yakan sare duk wani toho da ya fito daga kututture, domin dokar gandun daji ta mai da itace mallakar hukuma, kuma wanda aka kama yana sarar reshe ko a gonarsa ne sai ya biya tara. Itace ya zama fitina a gona, kowa yana gudunsa. Daga tsakiyar shekarun 1980, da aka sassauta, manoma suka ga cewa itacen da suka rena nasu ne, sai suka fara zaɓar toho biyu ko uku a kowane kututture suna gyara su har su zama bishiya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an maido da bishiyoyi kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Je ka tsaya a ƙarƙashin gawo a watan Agusta ka dubi geron da ke wurin, ka kwatanta shi da na fili. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa su bar kashinsu a gindinsa.

Abin da manomi ya samu a nan ba kuɗi ba ne, tabbaci ne cewa abin da ya wahala a kai ba za a ƙwace masa ba. Da za a haɗa wannan tabbaci da rijiyoyin noman rani a fadamu, da rumbunan tsimi da za su hana shi sayar da amfani da arha, da ɗakunan ajiyar albasa domin kada ta ruɓe, da hanyar da mota za ta shiga ƙauye da damina, da an ga canjin da yuraniyom bai kawo ba cikin shekara hamsin. An yi shirin 3N, wato 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar, a zamanin Mahamadou Issoufou da wannan manufa, kuma an yi wasu ayyuka, amma abin da ya iso gonakin da na sani bai kai girman sunan shirin ba.

Malama daga Maraɗi ta amsa:

Ina gaishe ku duka. Ni malamar firamare ce, kuma na fara aiki a matsayin 'yar kwantiragi kamar yawancin malaman ƙasar nan. Malamin Gona ya ce gona ba ta haihuwa, gaskiya ne, kuma wannan yana nufin dole wasu daga cikin 'ya'yan manoma su sami wata sana'a da za su rayu da ita. Ƙofar wannan sana'a ita ce makaranta, kuma a nan ne nake ganin aka fi yi wa talaka rashin adalci.

Na koyar a ajin zana shekara huɗu. Ba a iya kafa shi sai an gama girbi an sami kara, saboda haka karatunmu yakan fara a makare, kuma da zarar hadarin farko ya taso da iska, shekarar karatu ta ƙare ko da manhaja ba ta ƙare ba. Yara sama da saba'in suna zaune a kan buhunan da suka zo da su daga gida, allo ɗaya jingine da itace, ƙura tana shiga ta ko'ina. Bayan gobarar da ta tashi a wata makarantar unguwar Pays-Bas a Yamai a watan Afrilun 2021, wadda ta kashe yara 20, da wadda ta biyo baya a nan Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar, wadda ta kashe sama da 20, na daina iya juya wa ƙofar aji baya da kwanciyar hankali. Ina rubutu a allo, zuciyata tana kan ta inda zan fitar da su idan wuta ta kama.

Sannan ga matsalar harshe. Yaron da bai taɓa jin Faransanci a gidansu ba, ranar farko da ya zo aji da Faransanci ake tarbarsa, a ce ya koyi karatu da lissafi a cikinsa. Yana haddacewa, yana maimaitawa, amma bai fahimta ba, har ya kai aji shida bai iya karanta wasiƙa ba. Uba ya dubi wannan, ya ga shekara shida ta tafi babu amfani, sai ya cire ɗansa ya tura shi kiwo, 'yarsa kuma ya aurar da ita. Mutane suna saurin zargin iyaye da ƙin boko, amma ni na zauna da iyayen nan a zaurukansu, kuma da yawansu ba ƙin karatu suke yi ba, makarantar da ba ta koyar da komai suke ƙi. Idan yarinya ta gama firamare a ƙauye, makarantar gaba tana wani gari mai nisa, babu gidan kwanan ɗalibai, babu dangin da za su riƙe ta, wane uba ne zai saki 'yarsa mai shekara goma sha uku haka?

A yankin Tilaberi kuma ɗaruruwan makarantu ne aka rufe saboda 'yan bindiga, a nan kusa da mu ma, wajen Gidan Runji da Madarumfa, akwai ƙauyukan da malami ba ya yarda ya kwana. Malam Ɗan Jibiya, 'yan gudun hijirar da suka shigo mana daga Sakkwato da Zamfara da Katsina 'ya'yansu ma suna cikin azuzuwanmu, saboda haka wannan ciwon namu ne tare.

Ɗalibi a Yamai ya amsa:

Ina girmama iyayena da suka yi magana, amma ina ganin an rage wa batun 'yanci nauyi fiye da kima, kuma ba zan iya yin shiru ba.

Baba Tsohon Arlit, kun ce yuraniyom kaɗan ne idan aka raba. Na yarda da lissafinku, amma maganar ba ta tsaya a kilo nawa ba, maganar wane ne yake yanke hukunci a kan ƙasar. Tun a ƙuri'ar raba-gardama ta 1958, da Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba suka nemi a ce a'a a karɓi 'yanci nan take, hukumar mulkin mallaka ta yi duk abin da za ta iya har ta kawar da su, aka haramta jam'iyyar a 1959. Kuɗin da muke kashewa, saifa, an ɗaure shi da kuɗin Faransa sannan da yuro, kuma a watan Janairun 1994 aka wayi gari an rage darajarsa da rabi, ba tare da an tambayi mai sayar da ƙosai a Katako ba. Dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure ta Agadas an yi ta ne domin kwanciyar hankalin Turai, ta kuma kashe sana'ar direbobi da masu masauki da dama a garin. Sojojin Faransa da na Amurka suna ƙasar nan da jiragensu lokacin da aka kashe mana soja 71 a Inates a watan Disamban 2019, da 89 a Shinagodar wata guda bayan haka.

Takunkumin 2023 kuma ya buɗe mana ido. A lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da muke amfani da ita daga Najeriya take zuwa, aka yanke ta a rana ɗaya. Mun yi karatun jarrabawa da hasken waya. Ƙasar da maƙwabta za su iya kashe mata fitila su tare mata magani idan sun ga dama ba ta da cikakken iko da kanta. Saboda haka ficewar sojojin Faransa a Disamban 2023, da karɓe lasisin ma'adinin yuraniyom na Imuraren daga hannun Orano a 2024, da mayar da SOMAIR hannun ƙasa a 2025, a wurina matakai ne da suka wajaba ko da za a sha wuya. Malama ta yi kukan harshe, to ga shi kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Shekara sittin ana jiran irin wannan.

Dattijo na Damagaram ya amsa:

Ɗana ɗalibi, zafin da ke zuciyarka na san shi, domin ina cikin masu tafiya a kan titi a zamanin da aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, kuma abin da ka faɗa game da 1958 da 1994 gaskiya ne. Na yi aikin gwamnati a ɓangaren kuɗi har na yi ritaya, kuma abin da zan ƙara maka shi ne abin da idona ya gani a cikin ofis.

An yi juyin mulki sau biyar a ƙasar nan: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Kowane ɗaya ya zo da hujjar da jama'a suka tafa wa. Kountché ya zo a kan yunwa da karkatar da kayan agaji, Salou Djibo ya zo a kan tazarcen Tandja. Farar hula ma da suka karɓa bayan babban taron ƙasa na 1991, rigimar shugaban ƙasa da firaminista ta tsayar da komai cik, mu ma'aikata muka yi watanni babu albashi. Abin da na lura da shi shi ne duk wanda ya hau yana farawa ne daga tushe, ya canja daraktoci, ya ajiye fayilolin wanda ya gada, ya sa wa shirinsa sabon suna. Madatsar ruwa ta Kandaji, wadda za ta ba da wuta megawat 130 ta kuma shayar da gonaki a kwarin kogin Kwara, tun shekarun 1970 ake maganarta, Tandja ya aza tubalinta a 2008, har yau ba a kammala ba. Da an gama ta, da yanke wutar 2023 bai yi mana irin illar da ya yi ba. An shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Dosso, aka yi bikin buɗe shi a 2016, bai yi jigilar da aka gina shi dominta ba. Binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro a 2020 ya nuna sama da saifa biliyan 70 da suka salwanta ta hanyar ƙarin farashi da kayan da ba a kawo ba, a daidai lokacin da ake binne sojojin da ka ambata. Wannan ba Bafaranshe ne ya sa hannu a kai ba, 'ya'yan ƙasa ne.

Shi ya sa nake roƙon ku matasa ku juya idonku kan man fetur tun yanzu. Matatar SORAZ da ke nan kusa da mu ta fara aiki a 2011 da ganga dubu 20 a rana. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita dubu biyu, ya fara fitar da mai a 2024, amma rabon Nijar a cikin man kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu, kuma tun kafin jirgin farko ya tashi aka karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin CNPC na Sin a matsayin bashi da za a biya da man. Ga shi kuma bututun ya bi ta ƙasar da iyakarmu da ita ta daɗe a rufe, kayan da a da suke zuwa daga Kwatano ta Gaya suka koma zagayawa daga Lome ta Burkina Faso da rakiyar soja, kuma mai sayen shinkafa a kasuwar Dole shi ne yake biyan kuɗin wannan zagaye. Idan mai saye ya canja daga Faransa zuwa Sin ko Rasha, amma ba a buga kwantiragin kowa ya karanta ba, babu majalisar da jama'a suka zaɓa da za ta tambayi minista, ɗan jarida kuma yana tsoron rubutawa, to ta ina kai ɗalibi za ka san ko sabon cinikin ya fi na da? Ina goyon bayan a karɓi abin da yake namu. Ina kuma son a gaya mana, wata bayan wata, ganga nawa aka sayar, nawa ya shiga baitulmali, aji nawa aka gina da bulo a madadin zana.

Ɗan Jibiya ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Baba na Damagaram, maganarku ta man fetur ta tuna mini da namu halin, domin mu da muka fi ku mai nesa ba kusa ba har yau muna wannan tambayar ta ina kuɗin yake shiga. Kuma na ga yadda cire tallafin mai da aka yi a nan ranar 29 ga Mayun 2023 ya taɓa masu sayar da ruwa-ruwa, wato fetur na bumburutu, a gefen titunan Maraɗi kafin ma a rufe iyaka.

Malamin Gona, akwai abin da ya tsaya mini a rai a cikin bayaninka, domin ni ina cikin 'yan kasuwar da suke sayen amfani da kaka su ajiye, kuma ban taɓa duban abin ta ɓangaren mai sayar mini ba. Akwai ƙauyuka uku a wajen Madarumfa da na saba sayen wake a cikinsu shekara da shekaru, kuma ina da ɗakin ajiya a ɗaya daga ciki. Ina so ka yi mini bayanin yadda rumbun tsimi yake aiki dalla-dalla: wane ne yake riƙe mabuɗi, ta yaya manomi yake samun kuɗin biyan buƙatarsa da kaka idan bai sayar ba, kuma me ake yi idan farashi bai tashi da bazara ba? Zan je can bayan sallah, kuma ina so in zauna da maigari a kan wannan magana.